Aikin S6: abin da nake ta tarar wa a ɓangaren ƙasa na huhu

3 ga Fabrairu, 2025

Yau na buɗe wannan shafin saboda na gaji da rubuta abu a bayan takarda in zo nema in rasa. Aikin da Malam ya ba ni shi ne in haɗa samfurin ɓangaren ƙasa na huhun dama a kwamfuta, daga baya a fitar da shi da firinta a roba, 'yan ajin da ke bayanmu su riƙe a hannu su jujjuya su ga inda kowane bututu ya bi, maimakon zanen littafi da kowa ke haddacewa ya watsar bayan jarrabawa. Yace in fi mai da hankali kan yanki na shida, S6, wanda ke zaune can saman ɓangaren ƙasa ta wajen baya. Nace Malam ai wannan shi ne mafi sauƙi a cikinsu, yayi dariya kawai yace toh je ki gani.

Saboda wanda zai gaji aikin bayana bari in shimfiɗa abin tun daga tushe. Huhun dama ɓangare uku ne, sama da tsakiya da ƙasa, na hagu biyu. Kowane ɓangare an sake kasa shi yanki-yanki, kuma abin da ya mai da yanki yanki ba wani layi ba ne da za ka gani a fatar huhun, bututun iskarsa ne, kowane yanki da reshen bututunsa da jijiyar da ke kawo masa jini. A dama yanki 10 ne, biyar daga ciki suna ɓangaren ƙasa: S6 a sama, sai huɗu na gindi da ke zaune kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, S7 ta wajen zuciya, S8 gaba, S9 gefe, S10 baya. In na rubuta B bututu nake nufi, A jijiyar da ke shigo da jini daga zuciya, V kuma mai mayar da shi. Zan riƙa ce musu jijiyar shiga da jijiyar fita don kar in yi ta dogon bayani.

Hotunan CT, wato hoton na'urar asibiti da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, na sauke su daga rumbun LIDC-IDRI, na kyauta ne a intanet, guda 1018 ne kuma an goge sunayen masu su. Manhajar da zan yi aiki da ita 3D Slicer.

7 ga Fabrairu

Kwana uku ina faɗa da manhaja. Dabarar ita ce ka ɗiga alama a cikin babban bututun maƙogwaro ka ce mata ta bi duk inda iska take, tunda a ma'aunin Hounsfield, wanda ake auna duhu da hasken hoton CT da shi, iska tana wajen -1000 ruwa kuma 0, sai ta yi ta bin rami tana gangarawa rassa. Matsalar naman huhun kansa kusan duk iska ne, da zarar ta kai reshen da bangonsa yayi siriri sai ta fasa ta malale ko'ina, ka wayi gari duk huhun ya zama kore. Na gane kuma ba kowane hoto zai yi ba, wanda kaurin yankansa ya kai milimita 2.5 ƙananan rassa ɓacewa suke yi a tsakanin yanka da yanka, sai ka ga bututu ya tsaya cak kamar an datse shi alhali yana nan. Na ware masu wajen milimita 1 kawai. Ƙananan rassan da hannu zan bi su, babu yadda zan yi.

12 ga Fabrairu

Na gama bin B6 a hoto na farko, wannan kam kamar daga littafi aka ciro shi. Bututun dama bayan ya ba da reshen ɓangaren sama sai ya gangara, ta gaba ya ba da na ɓangaren tsakiya, ta baya kuma kusan daura da shi ko ƙasa kaɗan B6 ya fita ya miƙe kai tsaye wajen ƙashin baya. Shi ne reshe na farko da ɓangaren ƙasa ke bayarwa. Gajere ne, bai yi nisa ba ya rabu uku, B6a ya hau sama, B6b ya nufi gefe, B6c ya karkata ciki wajen ƙashin baya. A wannan hoton a da c tare suka fito b ya ware, a wanda na leƙa bayansa kuma a da b ne tare, toh tun daga nan na fara jin dariyar Malam a kunnena.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsayin da yankin nan ya kai. Mu da muka saba jin "ɓangaren ƙasa" sai mu ɗauka can ƙasan ƙirji yake, alhali babbar tsagar da ta raba shi da na sama a karkace take, ta baya tana farawa ne tun daga tsakanin allunan kafaɗa, don haka in ka ɗora abin sauraro a bayan mutum yawancin abin da kake ji ɓangaren ƙasa ne, kuma kan S6 yana can sama yana laɓe bayan ɓangaren sama. Shi ya sa a hoton ƙirji na gaba tabo a S6 yake fitowa daidai tsakiya, wajen tushen huhu, mutum ya rantse a tsakiya abin yake, sai an ɗauka ta gefe a ga ashe yana baya kan ƙashin baya.

Kuma yadda bakin B6 ke kallon baya shi ne duk labarinsa a asibiti. Mutum in yana kwance rigingine bakin nan ƙasa yake kallo kamar rijiya, wanda ya suma ko aka yi wa allurar barci ko mai farfaɗiya in ya ƙware abu ya bi ta bututun iska, nan yake faɗawa, shi da S2 na ɓangaren sama, kuma ya fi yawa a dama tunda bututun dama ya fi faɗi ya fi gajarta ya fi miƙewa, wajen santimita 2.5 ne na hagu kuwa kusan 5. In a tsaye ko a zaune ya ƙware sai abin ya wuce yankunan gindi. Russell Brock, likitan tiyata a Landan, tun shekarun 1940 ya yi bayanin alaƙar kwanciya da inda ƙurjin huhu ke fitowa. Tarin tibi ma in ya taso wa babba, bayan ƙololuwar huhu da bayan ɓangaren sama, S6 ne wuri na gaba da ake dubawa. Masu gasa ƙashi kuma in za su taimaka majina ta fito daga nan, rub da ciki suke kwantar da mutum da matashi a ƙarƙashin ciki, wato a juya rijiyar ta kalli ƙasa. Na daɗe da haddace wannan amma sai yau da na juya samfurin a allo na ga dalilin da idona.

Faransawa wai yankin Fowler suke ce masa, bututun kuma na Nelson. Yanki ɗaya suna barkatai.

15 ga Fabrairu

Kwamfuta ta ɗauke ban adana ba. Aikin yini biyu ya tafi. Ba zan ce komai ba.

20 ga Fabrairu

Hoto na huɗu ya tsayar da ni. B6 ya fita lafiya, B7 ya fita ta ciki, B8 ya ware ta gaba, saura kututturen da zai rabu ya ba da B9 da B10, to kafin ya rabu sai ga wani reshe ya ɓullo ta baya, ba ƙarami ba fa, mai kauri sosai, ya miƙe baya da gefe a ƙarƙashin B6 kamar ƙaninsa. Na ƙirga rassan sau uku ina samun shida. Da farko na ce B6 ne biyu, na sa masa B6c na wuce, da na koma sai na ga B6c na nan a wurinsa cikakke. Na ce toh B10a ne ya fito da wuri, na sake suna, na gangara ƙasa na tarar B10 da nasa rassan duka. Har na fara zargin ko manhajar ce ta ƙirƙiro min rami inda babu, na koma kan yankan asali ina bi ɗaya bayan ɗaya, bututu ne na gaske da bangonsa, ga kuma jijiyar shiga tana tafe a gefensa kamar yadda kowane bututun yanki yake da tasa. Na bar shi da launin toka ba suna na kwanta.

24 ga Fabrairu

Na kai wa Malam. Ko minti ɗaya bai yi yana kallo ba yace ke, tauraro kika samo. Nace tauraro kuma Malam? Ya ɗauko biro ya rubuta B da alamar tauraro a kafaɗarsa, B*, yace yankin da yake shayarwa S*, yankin da ke ƙarƙashin na sama, kuma ba kowa ke da shi ba shi ya sa ba a ba shi lamba ba, lambobin sun ƙare a kan waɗanda ake samu kullum shi kuma aka manna masa tauraro. Ya aro min tsohon littafin Edward Boyden na 1955, malamin ilimin sassan jiki ne a jami'ar Minnesota a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana feɗe huhu yana cusa launi a bututu ɗaya-ɗaya don ya ga iya inda kowanne ya kai.

Na kwana biyu a kan littafin nan kuma gaskiya ya sauya min yadda nake kallon aikin. Shi Boyden bai ɗauki wurin da ke tsakanin S6 da yankunan gindi a matsayin layi ba, fili ne da dole wani ya shayar da shi, tambayar kawai wa. A wani mutum B* ne na kansa yake fitowa daga kututturen gindi, wani lokaci ma biyu. A wani babu B* sam, sai wani reshe ya taso daga jikin B10 ko B9 ya hau ya rufe gurbin, waɗannan ya sa musu BX*, X ɗin tana nufin reshen ya fito daga inda ba a saba ba. A wani kuma B6 ne ke da girma ya sauko ya cinye filin. Wato naman huhun yana nan a kowa, mai kai masa iska ne ke sauyawa. Shi ya sa ma in ka duba yawan mutanen da aka ce suna da shi sai ka ga alƙaluman marubuta sun yi nesa da juna, wani ya haɗa da BX* wani bai haɗa ba, wani a gawa ya ƙirga wani a CT.

Na ɗan bi tarihin sunayen ma don in san wa zan bi. William Ewart a Landan tun 1889 ya nuna huhu ya kasu ƙananan yankuna kowanne da bututunsa, Kramer da Glass suka raɗa wa abin sunan da ake kira har yau da Turanci, bronchopulmonary segment, a 1932, Jackson da Huber suka fito da tsarin sunaye a 1943 wanda yawancin littattafanmu ke bi. Wani abin haushi, a lambobin Boyden na asali 2 da 3 na ɓangaren sama a juye suke da yadda muke kira yanzu, nasa B2 na gaba ne B3 na baya, na kusa rikicewa a wani shafi kafin in farga. A ɓangaren ƙasa dai lambobin sun dace, alhamdulillahi.

Na koma kan hotuna ukun farko da na ɗauka kamar littafi suke. A na biyu akwai reshe daga saman B10 da ya juya ya hau sama, na wuce shi ban ko kula ba saboda ba na nemansa.

3 ga Maris

Jijiyoyin shiga. Yawancin hotunan da na zaɓa ba a yi wa masu su allurar da ke haska jini ba, don haka shiga da fita duk fari ɗaya ne, hanya ɗaya ce ka bi kowace har tushenta, in ta kai ka babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta dama shiga ce, in ta kai ka ɗakin sama na hagu fita ce. Akwai gajiya amma akwai sauƙi ɗaya, ta shiga ba ta rabuwa da bututu, duk inda ya bi tana manne da shi.

A6 tana fita ne daga bayan babbar jijiyar a cikin tsaga, kuma sau da yawa daidai inda ta ɓangaren tsakiya ke fita ta gaba, wani lokaci ma sama da ita. Malam yace wannan ne dalilin da in za a cire ɓangaren ƙasa gaba ɗaya ba a cika ɗaure jijiyar a wuri ɗaya ba, in ka hau sama don ka kama A6 ka haɗa da ta tsakiya ka kashe ɓangaren da ba ruwansa, sai a ɗaure A6 daban ta gindi daban. Bututun ma haka, B6 da na tsakiya suna daura da juna, shi ya sa kafin a datse sai a matse a hura huhun a tabbatar na tsakiya yana kumbura.

A hoto na farko A6 ɗaya ce. A na huɗu, mai tauraron nan, biyu ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa da tazara, ta ƙasan na kusa ɗauka ta S* ce sai da na bi ta na ga B6b take rakiya, ta S* ɗin tana can ƙasa ta fito daga kututturen gindi. A na shida kuma A6 ta fito da wata a gindi ɗaya, ɗayar ta tsallake tsaga ta hau ɓangaren sama, ashe A2 ce mai hawa, wato wanda ya ɗaure gindin nan yana ganin S6 kawai ya yanke wa jini ya haɗa da bayan ɓangaren sama.

10 ga Maris

Jijiyoyin fita sun fi wuya nesa ba kusa ba, don su ba sa bin bututu, tsakanin yanki da yanki suke bi suna kwasar jini daga dama da hagu. Da na fahimci wannan sai na daina jin haushinsu, don su ne iyakar da nake ta nema, in kana son sanin inda S6 ya ƙare ka nemi rassan V6 da ke kwance a ƙasansa. V6 ita ce reshe mafi sama da ke shiga babbar jijiyar fita ta ƙasa, sauran na gindi su haɗu su shigo ta ƙarƙashinta. A huhu mai tauraro iyaka biyu ce ke nan maimakon ɗaya, ɗaya tsakanin S6 da S*, ɗaya tsakanin S* da na gindi, kowacce da 'yar jijiyarta.

A hoto na bakwai na ga wata ta gangaro daga bayan ɓangaren sama ta bi ta bayan bututun da ke tsakanin reshen sama da na tsakiya ta zo ta shiga kusa da V6. An san da irinta, jini ne na ɓangaren sama da ya sauya hanya ya biyo ta baya, kuma wurin da take bi nan ne ake ratsawa in ana cire ƙulluwan kaluluwar da ke ƙarƙashin mararrabar bututu, wanda bai san tana nan ba zai iya yanka ta.

Rigimar launi kuma: littattafan ilimin sassan jiki shuɗi suke yi wa jijiyar shiga huhu don jininta bai sha iska ba tukuna, ja kuma ta fita, amma hotunan da wasu likitocin tiyata ke haɗawa a kwamfuta akasin haka ne. Na bi littafi tunda ɗalibai za a yi wa, zan rubuta a gindin samfurin da manyan baƙi.

14 ga Maris

Wani siririn farin layi a hoto na tara, a kwance, ya raba S6 da na gindi kusan rabi. Tsaga ce ta ƙari, tantanin huhu ya lotsa ciki a inda ba a saba ba, in ta cika S6 sai ya zama kamar ɓangare mai zaman kansa. Ta fi yawa a dama, kuma tsayinta kusan ɗaya da ƙaramar tsagar da ke saman ɓangaren tsakiya, a hoton gaba za a iya ɗaukar wannan a matsayin waccan, ta gefe ne ake ganin ita tana baya waccan tana gaba. Akwai irinta a ƙasa da ke zagaye S7. Wata ƙawata da ke karatun likitan dabbobi da na nuna mata tace ai a kare da tunkiya wurin S7 ɗin nan ɓangare ne cikakke a huhun dama, yana bayan zuciya, dukansu biyu suna da shi, mu ne dai ya manne mana.

19 ga Maris

Ba aikina ba ne amma na kasa wuce B7. A dama wani lokaci duk yana gaban jijiyar fita ta gindi, wani lokaci ya hau kanta kamar mahayi, reshe ɗaya gaba ɗaya baya, wani lokaci duk baya, wani kuma babu shi a matsayin bututu guda sai rassa daga B8 da B10 su raba gadon. A hagu zuciya ta cinye wurin, yawanci a haɗe yake da B8, shi ya sa wani littafi zai ce hagu yanki 8 wani 9 wani 10 kuma kowa da hujjarsa. Na tsaya nan, in na biye wa B7 wata zai ƙare.

26 ga Maris

Malam ya haɗa ni da wata likitar tiyatar ƙirji ta duba abin da na yi. Nace Dakta ni fa tsorona kar in cika samfurin da abubuwan da ba su da amfani sai ga mai son ƙwaƙwa. Tace da can ƙila haka ne, yanzu kuwa a'a. Cire yanki ɗaya ba sabon abu ba ne, Churchill da Belsey sun yi tun 1939 ga masu lalacewar bututun huhu, amma a kansar huhu bayan binciken 1995 da ya nuna ciwon ya fi dawowa in an cire abin da bai kai ɓangare guda ba, sai cire ɓangare gaba ɗaya ya zama ƙa'ida. Sai binciken Japan, JCOG0802, da ya fito a mujallar Lancet a 2022, mutum 1106 masu ƙari da bai wuce santimita 2 ba a gefen huhu, bayan shekara biyar kashi 94.3 na waɗanda aka cire wa yanki suna raye, na ɓangare 91.1, duk da cewa dawowar ciwon a wurin ta fi yawa a masu yanki, kashi 10.5, masu ɓangare kuma 5.4. Tun daga nan aikin yanki ya ƙaru, kuma mai cire yanki dole ya san rassan mutumin da ke gabansa ba na littafi ba.

Tace S6 ana lissafa shi cikin masu sauƙi don fuska ɗaya kawai za ka yanka, S9 da S10 su ne masu wahala, suna can ciki da fuskoki da yawa. Amma in akwai tauraro lissafi ya sauya. Mai neman B10 zai iya cin karo da B* da farko ya datse shi yana zaton ya gama, ƙari kuma da aka ce yana ƙasan S6 zai iya zama a S* yake, ka cire S6 tsaf ka bar abin da ka shigo dominsa. Ta nuna min yadda suke gano iyaka, ko a hura huhu a datse bututun a bar sauran ya saki iska layi ya fito, ko a ɗaure jijiyar shiga a yi allurar wani koren rini da ke haske a kyamara ta musamman, inda bai haska ba shi ne yankin. Ta farkon tana da matsala don iska na satar hanya ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin jakunkunan iska ta shiga maƙwabci, layin ya dushe.

Ta kama min kuskure ɗaya, a hoto na shida wata da na sa wa V6c ashe daga S10 ta fito. Na gyara.

2 ga Afrilu

Fitarwa ta farko ta lalace. Rassan da ba su kai milimita 2 ba sun karye wajen cire madogaran da firinta ke kafawa a ƙarƙashinsu, B6a ya zo a hannuna. Zan ninka girman samfurin sau biyu kuma in tsaya a rassan a, b, c kar in wuce.

Babbar tambayar da na yi ta juyawa ita ce huhun wa za a fitar. In na ɗauki na farko ɗalibai za su fita da zanen littafi ne kawai a roba, in na ɗauki na huɗu za su ɗauka kowa da tauraro. Na kai wa Malam shawarar a yi kututture ɗaya daga hoto na farko, a huda ƙananan ramuka uku da maganaɗisu a ciki, ɗaya a bayan kututturen gindi, ɗaya a saman B10, ɗaya a jikin B9, reshen tauraro kuma ya zama abin cirewa, mai koyarwa ya manna shi inda ya ga dama ya ce wa ɗalibi sa masa suna. Yace toh A6 ta biyu fa, da A2 mai gindi ɗaya da ita? Nace Malam in na bi wannan samfurin zai zama duk ramuka. Yace ki yi na bututu tukuna mu gani, na jijiya ya zama kashi na biyu.

9 ga Afrilu

Maganaɗisun milimita 3 ya zauna daidai a ramin kututture da na B10, na B9 bangon yayi siriri ya tsage, sai na ƙara masa kauri ta ciki. Na gwada da ɗalibai biyu ban gaya musu komai ba, na manna reshen a kututture na ce su ƙirga. Ta farko tace B6c, na biyu yace B10a, sak kurakuraina na 20 ga Fabrairu, ɗaya bayan ɗaya. Saura in yi naman yankunan da roba mai ganin ciki don a ga filin da tauraron ke shayarwa, kuma hoto na goma sha ɗaya da na buɗe jiya da dare kamar B* biyu nake gani a cikinsa, ɗaya bisa ɗaya, gobe zan bi su a yankan asali in tabbatar kafin in huda rami na huɗu.